An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Bakin Bahaushe da Kalmar Bature a Sabo ta Ibadan

A wata ziyara da muka kai unguwar Sabo ta birnin Ibadan, mun sauka a gidan wani dattijo wanda kakanninsa fataken goro ne, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Ran nan da la'asar muna zaune a zaure ana taɓa hira, sai ga jikansa, yaro ɗan shekara 11, ya dawo daga makarantar boko idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Da aka matsa masa da tambaya, sai ya ce malamin Turanci ne ya tsayar da shi a gaban aji, ya sa shi ya yi ta maimaita "fifty people" har sau goma. Duk sa'ad da ya faɗa sai aji ya kwashe da dariya, malamin na taya su, kafin a tashi har an laƙaba masa suna "Pipti". Yaron ya rantse shi da makarantar nan haihata-haihata.

Dariyar 'yan aji ba ta ba mu mamaki ba, domin yaro yaro ne. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya ƙona mana rai shi ne wani matashi ɗan unguwar, mai digiri, da ke zaune tare da mu. Buɗar bakinsa sai ya ce ai malamin ya yi daidai, mu Hausawa bakinmu ne a karkace. Har ya kafa hujja da cewa a dubi yadda muka lalata wa Bature kalmominsa, muka mai da "hospital" asibiti, "table" tebur, "bucket" bokiti. A ganinsa, duk mai ilimi ya kamata ya daina faɗin waɗannan, ko da kuwa Hausa yake yi.

Wannan magana ba tasa ba ce shi kaɗai. Muna jin ta a ofisoshi da gidajen rediyo, har ma a farfajiyar jami'o'inmu, a bakin ɗalibanmu da na wasu abokan aikinmu. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu tanka. Matsayinmu a fili yake: an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Kalmar da Hausa ta ara daga Turanci ta zama Hausa, babu mai ikon yi mata gyara da ƙamus ɗin Ingila. Shi kuwa Turanci, in za a koyar da shi, to a koyar da shi da gaske, da furucinsa da ma'anarsa, kuma ba mu taɓa jin an lissafa dariya cikin dabarun koyarwa ba.

Hausawa sun ce in ba ka san gari ba, saurari daka. Bari mu fara da wurin da abin ya faru. An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka tattara Hausawan da ke warwatse a cikin birnin Ibadan aka zaunar da su wuri guda kusa da Mokola, ƙarƙashin sarkinsu. Kafin nan layin dogo ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai shanu suka riƙa gangarowa kudu, goro na hawa arewa, Sabo na tsakiya. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar daga 1962 zuwa 1963, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu masauki da dillalai suka riƙe wannan fatauci bisa amana, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara ɗinke jama'ar a farkon shekarun 1950. Fiye da shekara 100 ke nan Hausawa na zaune a tsakiyar Yarbawa, a birnin da aka kafa kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya a 1948. Yaron da aka yi wa dariya magajin wannan tarihi ne. Yana Hausa a gida, yana Yarbanci a kasuwa, yana Turancin buroka a tasha, yana biya Larabci a makarantar allo. Harsuna huɗu a bakin ɗan shekara 11! Baturen da ake so ya kwaikwaya kuwa galibi harshe ɗaya gare shi. To, bakin wa ya karkace?

Mu koma ga hujjar mai digiri. Abin da ya kira lalatawa, masana harshe aro suke kiransa, kuma yana da ƙa'ida. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka sai ta sanya wasali a tsakani: "primary" ta zama firamare, "brake" ta zama birki, "screwdriver" ta zama sukurudireba. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa muka sami kotu da kati da bokiti. Hausa ba ta da sautin "v", sai ta ɗauki na kusa da shi, "driver" ta zama direba. Daga nan sai a ɗora wa kalmar karin sauti, a ba ta jinsi, a yi mata jam'i: mota ta zo, motoci sun zo, tebur ya karye, tebura sun karye, likita, likitoci, lauya, lauyoyi. Bello Ahmad Salim ya yi digirinsa na uku a Jami'ar York a 1981 kan wannan batu, ya nuna tsarin da kalmomin Turanci ke bi in sun shigo Hausa. Abin da ke da tsari ba a kiransa ɓarna. Tela da ya rage wa baƙuwar riga hannu don ta dace da mai ita, ba yaga ta ya yi ba.

Daɗin daɗawa, wasu kalmomin ba daga bakin Bature muka karɓe su kai tsaye ba. Ta bakin Yarbawa suka biyo, wato ta irin hanyar da goro ya bi. Titi daga "street" take, amma sai da ta kwana a Yarbanci. Kwano daga "pan" take: Bayarabe ya ce "paanu", shi kuwa harafin "p" na Yarbanci "kp" ake furta shi, kunnen Bahaushe ya ji "kw". Ashana da agogo da akawu kuwa na Yarbanci ne tsantsa. Tsofaffin kuɗin da kakannin mutanen Sabo suka yi ciniki da su duk haka suke: kwabo daga "copper", sisi daga "sixpence", sule daga "shilling", fam daga "pound". 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mallake su, lakwal suke ce wa makarantar boko, malaminta kuma mushe. Kowace kalma a cikin waɗannan takardar shaida ce ta inda Bahaushe ya taka da wanda ya yi hulɗa da shi. Wanda ya ce a goge su, tarihi yake so a goge.

An ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, amma aron kalma ya sha bamban, domin ba a mayar da shi, kuma da zarar ya zauna sai ya yi 'ya'ya da jikoki. A dubi ma'ana. "Barracks" a Turanci mazaunin soja ne kurum. Bariki kuwa a Hausa ta zama wata duniya: akwai ɗan bariki, da zaman bariki, da iya bariki, da idon bariki, waɗanda babu ƙamus ɗin Turanci da zai fassara su. "Wire" zaren ƙarfe ne, amma Bahaushe yana buga waya, yau ma ga wayar hannu wadda ba ta da zare ko ɗaya. "Yard" ma'auni ne, yadi kuwa ya zama sunan tufar da ake aunawa. "Canteen" wurin cin abinci ne, kanti wurin sayayya. "Machine" kowace na'ura ce, mashin kuwa babur. Idan mai digiri ya hana mu cewa bariki, me zai ba mu a madadinta? Kuma garin neman tushen Turanci ga komai, har an daɗe ana yaɗa cewa boko daga "book" take, sai da Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi Turancin da ake yi wa wannan kishi, ai shi ma gwanin aro ne. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka kwararo cikinsa, irin su "court" da "government" da "beef", kuma ba yadda Bafaranshe ke furta su Bature ke yi ba. "Sugar" da sukari tushensu ɗaya, Larabci, kowa ya lanƙwasa ta daidai bakinsa. "Cotton" da "algebra" su ma daga Larabawa. Furucin ma bai tsaya wuri ɗaya ba: a da ana furta "k" ɗin da ke farkon "knife" da "knee", daga baya aka yar da shi, rubutun ya tsaya yana gadin kabari. Ma'ana ita ma haka: "nice" a da wawa take nufi. Sa'an nan Baturen nan da ya zo ƙasarmu, ya ji Sakkwato ya rubuta Sokoto, ya kasa raba kaya da ƙaya, ko bari da ɓari, ko kukan yaro da kukar miya. Ba mu taɓa tsayar da shi gaban aji ba. Hasali ma, in ya ce "sannu" sai mu yi ta murna muna cewa ya ji Hausa kamar jakin Kano.

Ga kuma wani misali daga Sabo kanta. Duk Ibadan an san unguwar da masu canjin kuɗi da masu tsire. To, abin da muke kira tsire, mutanen kudu "suya" suke ce masa, alhali a Hausa suya aikin kasko da mai ce, tsire kuwa a bakin wuta ake kafa shi. Haka kalmar ta shiga Turancin Nijeriya da wannan karkatacciyar ma'ana, har babban ƙamus ɗin Oxford ya karɓe ta. Shi wannan ƙamus a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da "danfo" da "okada" da "Kannywood", jaridu suka yi ta shagali. Babu wanda ya ce an lalata wa Bahaushe kalma. Mu ma ba mu ce ba, domin mun san haka aro yake. Mai gadi kuwa, rabinta Hausa rabinta "guard", ta je ta dawo Turancin Nijeriya a matsayin "maiguard". Wadda kawai muke ƙorafi a kanta ita ce aboki, kalmar da muke kiran masoyi da ita, aka mai da ita sunan raini ga duk ɗan arewa. Wannan ita ce lalata ma'ana ta haƙiƙa, domin ita ce ke cutar da mutum, amma ba mu ji mai digiri ya ɗaga murya a kanta ba.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa a bar yaro ya yi Turanci yadda ya ga dama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asibiti Hausa ce, amma in yaro na Turanci, dole ya ce "hospital". Akwai kuma wasu daga cikinmu da ke fakewa da kishin harshe don su rufe lalaci, suna cewa ai haka bakinmu yake. Su ma ba mu tare da su. Wanda bai raba "pull" da "full" ba, ko "vote" da "boat", ko "ship" da "sheep", wata rana zai faɗi abin da bai nufa ba, a gaban alƙali ko a ɗakin ganawar neman aiki. Turanci shi ne harshen gwamnati da jarrabawa a ƙasar nan, kuma babu mai shiga jami'a sai da kyakkyawan sakamako a cikinsa. Hana ɗan Sabo ingantaccen Turanci daidai yake da rufe masa ƙofa.

Tambayar ita ce, laifin wa ne da bai iya ba? Dalilin rikicin "p" da "f" sananne ne ga duk wanda ya yi ajin farko na ilimin furuci. Hausa sauti ɗaya gare ta a wannan gurbi, da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin na Turancin guda biyu, a Sakkwato da Katsina ma yakan koma "h" ko "hw". Kunnen da ya tashi da sauti ɗaya ba zai ji biyu ba sai an nuna masa. Turancin Ingila yana da sautukan wasali wajen 20, Hausa tana da 5, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye 2. Kowace al'umma da inda takalmin ke matsa mata: Bahaushe kan mai da "th" ta koma "s" ko "z", Bayarabe kan mai da ita "t" ko "d", yakan kuma sha wuya da "ch" da "z" da "v" domin babu su a harshensa. Farfesa Ayo Banjo na Jami'ar Ibadan tun 1971 ya karkasa Turancin 'yan Nijeriya hawa huɗu, Munzali Jibril kuma ya yi digirinsa na uku a Lancaster a 1982 kan bambance-bambancen furucinsa. Ilimin yana nan a ajiye. Malamin da ya tsayar da yaron bai karanta ba, ko kuwa ya karanta ya zaɓi dariya.

Gyaran kuwa ba ya cin minti goma. A ce wa yaro ya haɗe leɓɓansa ya sake su da ƙarfi har takardar da ke gaban bakinsa ta motsa, ya sami "p". A ce ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓen ƙasa ya hura, ya sami "f". Ya sake yin haka yana kaɗa maƙogwaro, ya sami "v". Su kuwa sautukan "th" biyu, na "think" da na "this", su ne ث da ذ na Larabci, waɗanda malamin tajwidi ke koya wa yara mafitarsu kullum a Islamiyya ba tare da an yi wa kowa dariya ba. Yaron da ya san bambancin gari na mutane da garin tuwo, ya riga ya san tsawon wasali na sauya ma'ana, rabin aikin "ship" da "sheep" ya ƙare. Tarihi ma shaida ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ba furuci muhimmanci, ta kuma yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya saboda daɗin Turancinsa. Da Hausa ya tashi, kamar wannan yaro. Bambancinsu malami ne.

Sai dai kuma mu tambayi kanmu, furucin wa muke bauta wa? Lafazin da Daniel Jones ya tattara a ƙamus ɗinsa na 1917, wanda makarantunmu suka riƙa a matsayin mizani, na 'yan tsiraru ne ko a Ingila. Masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta masu yin sa da kimanin kashi 3 cikin 100 na mutanen ƙasar. Mutumin Glasgow da na Teksas da na Delhi kowa da nasa, kuma ana cinikin duniya da su. Abin nema shi ne a fahimce ka, ba a ɗauke ka ɗan Landan ba. Wani abin takaici kuma, jarrabawar furuci ta kammala sakandare a Nijeriya ta hanyar zaɓen amsa ake yin ta, ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ya furta ko kalma ɗaya ba. Sai ka ga yaro ya haddace alamomin sauti ya ci jarrabawa, bakinsa kuwa na nan inda yake.

Haka koyar da ma'ana ya zama hadda. A rubuta kalmomi 20 a allo, kowace da wata kalmar Turanci a gabanta wadda ta fi ta wuya, a ce gobe za a tambaya. Alhali yaron ya shigo aji da ɗaruruwan kalmomin Turanci a aljihunsa cikin rigar Hausa. Malami mai basira da su zai fara: ka san waya, to ga "wire", ga inda suka haɗu, ga inda suka rabu, ka san caji, to "charge" ta batir daban, ta kotu daban, ta farashi daban, jimla ce ke nuna wadda ake nufi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna harshen uwa ba ya tauye Turanci, tsani ne gare shi. Kayan aikin ma muna da su: ƙamus ɗin Neil Skinner na Turanci da Hausa na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci na 1977 wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta shirya aka kuma buga shi a Ibadan. A Ibadan fa! Yara nawa ne a Sabo suka taɓa ganin bangonsa?

A nan ne zargin ya dawo kanmu, mu malamai da ɗaliban Hausa na jami'a. Mun cika kantocin ɗakunan karatu da kundaye kan aron kalmomi da kwatanta sautukan Hausa da na Turanci, ƙura na cin su, malamin firamare bai san da zamansu ba. Muna kira ga sassan Hausa da na Turanci su haɗa kai su fitar da ɗan ƙaramin littafi, wanda zai jera sautukan da ke wahalar da mai jin Hausa da yadda ake gyara su, da kalmomin aro da ma'anarsu ta saɓa da ta asali. Muna kira ga ɗalibanmu 'yan Sabo da sauran zango-zango, daga Agege har Kumasi, su ba da ko da awa biyu a mako lokacin hutu su zaunar da ƙannensu. Muna kira ga ma'aikatan rediyo da masu wa'azi da 'yan siyasa, in za su yi Hausa su ce asibiti da gwamnati da kotu ba tare da jin kunya ba, in za su yi Turanci su yi shi tsaf. Ɗanɗora kalmar Turanci ɗanya a tsakiyar jimlar Hausa ba alamar ilimi ba ce, alama ce ta an kasa riƙe ko ɗaya daga cikin biyun.

Kafin mu bar Sabo mun zaunar da yaron a zauren kakansa, muka yage 'yar takarda muka riƙe a gaban bakinsa. Bai kai ga kiran magariba ba sai da ya raba "pan" da "fan", yana yi yana dariya, wannan karon tasa ce. Ko ya koma makaranta ya zauna, wannan yana hannun iyayensa da malaminsa. Abin da muka tabbatar shi ne bakinsa lafiya lau yake. Cohen ya tarar da mutanen Sabo suna ƙyamar kai 'ya'yansu boko a shekarun 1960. Yau da jikokinsu suka kai kansu, zalunci ne a kore su da dariya, ya kuma fi muni in da bakin ɗan'uwansu aka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a karya shi. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.